Bayan an miƙa makulli

Ranar da aka ba mu ɗakin haihuwa na Sura Bildi
an yi guɗa, an yanke ƙyalle,
manyan baƙi sun shige motocinsu kafin la'asar.
Nomau magini bai tafi ba.
Ya tsaya da laka a ƙafar wando,
makulli a hannu, ya ƙi sakar mini.
Ya ce, Barira, mu zaga tukuna,
ke kin taɓa miƙa jariri ki juya baya?

Ya ɗora tafina a bango.
Tubalin jar ƙasa ne, matsa shi aka yi,
ko reshen gawo ɗaya bai ƙone dominsa ba.
Ya ce, da rana yana haɗiye zafi,
da dare a bar masa baki ya yi numfashi.
Ya nuna 'yan kafofi can ƙarƙashin rufi.
Na ce to,
irin to ɗin mai tukunya a kan wuta.

Jemagu suka gano kafofin kafin mu.
Arzika mai gadi ya hau tsani
ya cusa kwali da tsumma, muka yi masa godiya.
Sai bazara ta sauka.
Ɗaki ya koma tanda.
Mai naƙuda na gumi, ni ma ina yi,
ina zagin Nomau a ciki:
da siminti da kwano suka ba mu kamar kowa!
Wani dare fitila ta mutu kan yaro na leƙowa,
na karɓe shi da hasken waya a haƙorana.

Wata uku cif, sai ga babur ɗinsa,
yadda ya rubuta a littafin da ya rataye a ƙusa.
Na shirya masa magana mai yaji.
Ya hau, ya zaro tsumma ɗaya bayan ɗaya,
bai ce ai na gaya miki ba.
Ya ce, laifina ne,
na yi wa iska ƙofa, na manta jemage ma a iska yake tafiya.
Ya buga raga.
Ya ja Arzika kan rufi, suka duba farantan rana,
kashin tantabara ya yi musu farin mayafi.
Bokiti guda, tsumma mai laushi,
kowace Juma'a kafin masallaci.

Da damina kuwa karatu ya juyo.
Indararonsa na zuba daidai inda masu ciki ke layin awo.
Na rubuta. Ya zo hadari na haɗuwa ta gabas.
Na ce, tsaya nan. A'a, nan.
Ruwa ya kece a ƙeyarsa.
Na ce, takardarka ta san tafiyar rana,
ba ta san inda mata ke tsayawa ba.
Ya yi dariya har ya ƙware.
Washegari indararo ya koma bakin tanki,
ruwan da ya jiƙa shi muka yi wanki da shi har bayan kaka.

Shekara biyu ke nan.
Littafin ya yi kunnuwa, hannu uku ne a ciki:
bokonsa, ajamin Arzika,
da nawa mai kama da sawun kaza.
Tsaga a kusurwar yamma. An shafe.
Batir na gajiya da asuba. Ana dubawa.

Jiya wata 'yar Jiratawa ta sauka lafiya,
ta ɗaga kai tana neman inda sanyi ke fitowa.
Na ɗora tafinta a bango.

An ce Nomau yana gini a Tibiri,
raga ya fara saye,
kuma kafin ya ja igiya sai ya tambayi mata inda suke tsayawa.
Makullin kuwa ya ɓace tun bara.
Ba mu nema ba.
Yaushe haihuwa ta bari aka rufe ƙofa?