Jan Biro a Naraguta

Rahotona na farko, shafi goma sha biyu,
na miƙa wa Dakta Nanbam da hannu bibbiyu.
Ran Laraba ya dawo mini jajawur
kamar an yanka zakara a kansa.

Na rubuta: "Ruwan kududdufin unguwarmu ya lalace ƙwarai da gaske."
Ta ja layi ƙarƙashin "ƙwarai",
ta ja biyu ƙarƙashin "da gaske",
a gefe ta sa: Nawa? Wa ya auna? Da me? Yaushe?

Ni da na tashi a gidan da magana ba ta fita ba rakiya,
gaisuwa a gaba, karin magana a baya,
kakata ba ta cewa a'a sai ta zaga bayan rumbu,
yau ga wata mai tabarau a kan hanci
tana so in tuɓe wa jimlata babbar riga
in bar ta da singileti a sanyin Jos.

Na yi fushi har Farin Gada.
Na huce a kan dankali da yaji.

Asabar na koma bakin ruwan da kwalabe shida.
Tsohon ramin kuza ne, kore shar, shiru kamar mai laifi.
Yara na tsalle a ciki,
mata na wanke karas ɗin kasuwa.
Na ɗiba, na liƙa takarda, na rubuta ƙarfe nawa.
A ɗakin gwaji lambobi suka fito
ba sallama, ba ado,
na jera su a tebur, kowacce da ma'auninta a gefe.
"Ƙwarai da gaske" ya kama hanyar gida.

Sai batun tsayawa gaban mutane.
Minti bakwai, in ji ta, ko daƙiƙa ba ƙari.
Dalyop ya zauna mini alƙali a ƙarƙashin bishiyar turare,
duk "eh to" da na yi, ya ajiye tsinken ashana.
Talatin da ɗaya.
Ɗaga kai, Shamsiyya, takalminki ba shi ke ba da maki ba.
Washegari sha tara.
Na gwada a madubi, na gwada wa akuyar Inna,
ita kam ta saurara tana tuƙa.

Ranar ta zo. Malamai huɗu, ruwan roba huɗu.
Ina hoto na uku aka ɗauke wuta.
Allo ya yi baƙi, aji ya yi "wayyo",
gwiwoyina suka fara gardama da juna.
Na ga guntun alli a bakin taga.
Na zana ramin, na zana rijiyoyi uku da ke kusa,
na faɗi lambobin da ka,
don ni na ɗebo su da hannuna.

Wani farfesa mai furfura ya gyara zama:
In kin yi kuskure fa?
Na ce: Kwalba shida ce kawai, ba zan rantse a kansu ba,
amma duk shidan bakinsu ɗaya.
Dakta Nanbam ba ta yi murmushi ba.
Ta dai mayar wa jan biron marfinsa.

Da dare Baba na wanke laka daga ƙafarsa,
shekara talatin yana haƙa wa mutane rijiya.
Ya juya rahoton, ya auna nauyinsa a tafi.
To, 'yar boko, a sha ko kada a sha?

Kada a sha, Baba.
Gobe zan kai wa mai unguwa takarda, shafi ɗaya, da Hausa.

Ya ce: Ai da nan kika fara.
Ya miƙo mini buta.