Asabar a Bakin Gamkalle

Babana ya ce ranar sunana
giwan ruwa guda ya ciyar da unguwa,
mutum uku suka fiddo shi daga jirgi,
wutsiyarsa na share rairayi.
Ni labarin kawai na gada,
da murhun banda da ya fi sanin toka da kifi.
Yau in ka tsaya Gamkalle ka dubi Kwara,
sai ka ce fadama aka shimfiɗa bisa ruwa.

An ce kainuwa dashen Allah.
Wannan kam ba mu san mai dashenta ba.
Baƙuwa ce mai fure ruwan shuni,
ta zo da kwalliya kamar mai zuwa buki,
ta kwana ta haihu, ta kwana ta haihu,
har ta toshe wa kogi hanci.
Karfasa ta rasa inda za ta share gurbin ƙwai,
filafili ya shiga, ya ƙi fitowa.

Babu wanda ya aiko mu.
Sumana mai gyaran famfon lambu ne
ya gaji da zaro saiwa daga bakin tiyo,
ya bi gida-gida bayan isha'i:
Asabar da safe, kowa da abin hannunsa,
ba kuɗi, ba riga, ba hoto,
sai fura, in Biba ta samu damar damawa.

Muka zo mu goma sha tara.
Manjagara, lauje, tsohuwar igiyar rijiya,
ɗalibai biyu daga Harobanda
da takalman da ba su san laka ba.
Namata ya shiga har ƙirji yana ja,
mu muna karɓa, muna tulawa a gaɓa.
Nauyinta kamar gawar jaki.
Matsattsaku ya kama ni a ƙwauri,
na yi ihu da Zabarmanci, aka amsa da Hausa,
dariya ta kusa kifar da kowa.

Matan lambu suka kwashe tulin a baro,
wai in ta ruɓe, kabeji zai gode.
Ashe ko maƙiyi yana da ranarsa,
in an san inda za a kai shi ya yi ruɓewa.

Asabar ta zagayo, muka tarar ta koma,
iska ta turo sabuwa daga wajen Gudel.
Mutum shida suka ce aikin banza,
kwasar ruwa da rariya.
Ban ce musu ƙarya ba ne.
Na dai ɗaura zane, na sake shiga,
don tuwo ma kullum ake tuƙawa.

Babana bai zo ba, sati bakwai.
Yana zaune gindin mangwaro yana kallo,
yana cewa kogi ba ya son a koya masa tafiya.
Sati na takwas ya miƙe,
ya shiga ɗaki ya fito da gidan sauron nan
da yake tace ƴaƴan kifi da shi tun bara,
ya yayyaga shi, ya ba Namata ya ɗaure dami.
Bai dubi idon kowa ba.
Ya ce, jirgin na nan, kada ku fasa mini ƙwarya.
Ya koma inuwa.

Jiya da hantsi, inda muka buɗe,
rana ta kai har ƙasan ruwa.
Ɗiyata Tsahara, furen baƙuwar a kunnenta,
ta kamo wani abu a tafin hannu,
bai kai tsawon ɗan yatsana ba,
azurfa-azurfa, baki ya fi jiki.
Ta ruga wurin kakanta.
Ya daɗe yana dubawa.
Ya ce, wannan sai ranar sunan ɗanki,
maza mai da shi, kafin ya ji ƙishirwa.