Taro a Kan Ƙananan Kujeru

An kira mu lakwal ta Garin Malam,
wai a ji bakinmu kan karatun ƙanana.
Kujerun yara aka ba mu,
muka zauna, gwiwa na gaida haɓa.

Anspekta ya karanta shafi tara da Faransanci,
mushe Ɗanjimo ya juya mana rabi.

Hajiya Tabawa ta ce a fara da Hausa,
yaro ya san akuya kafin a sake mata suna.
Nomau direba ya ce ina!
Hausa ba ta cin jarrabawa a Yamai.
Aka yi ta ja har shayi ya huce.

Ni kafinta ne, ƙusa nake lissafi:
kujera talatin, yara saba'in da uku,
jikata Ladiyo cikin masu zaman ƙasa.
Randar aji ta bushe tun Talata,
rufin zana na jiran ashana ɗaya.

Da aka ce saura wa,
na miƙe, kujerar ta biyo ni maƙale a ƙugu.
Har anspekta ya dara.
Na ce a rubuta: wannan ma
sai mai sa'a ke samunta.

Biron magatakarda ya ƙi.
Na zaro fensir daga bayan kunne.