Yauni a Bayan Gilashi

Ran Asabar na kai Baffa Ilu Mando.
A ƙofa aka ce ɗari biyu.
Ya ce, tun yaushe ake biya a kalli kifi?
Na biya. Ya shiga yana gunaguni,
sandarsa na ƙwanƙwasa siminti.

Tankin farko ƙwai ne, kamar jiƙaƙƙen gero.
Na biyu 'ya'ya, sirara kamar gashin ido,
inji na tafasa musu ruwan da bai yi zafi ba.
Godiya, mai takalmin roba har gwiwa,
ta ɗebo su a cokali, ta ƙirga, ta rubuta.
Baffa ya ce, mu da kwando muke awo,
ba mu taɓa sanin adadi ba.

Sai ɗaki mai duhu, gilashi har rufi.
Kurungu na iyo a rigingine,
minjirya ta lafe a lungu tana fushi.
Baffa na kiransu ɗaya bayan ɗaya
kamar ya tarar da 'yan garinsu a tasha.

Can ya tsaya cak.
Yauni.
Dogo, shiru, bayansa na kaɗawa,
ya yi gaba, ya yi baya, bai juya ba.

Shekara ashirin da shida rabona da shi, in ji Baffa,
ƙarƙashin gadar jirgi,
kafin rinin Kakuri ya mai da kogi
yau shuɗi, gobe ja,
kafin mu ma...

Bai ƙarasa ba. Na san sauran:
gwangwanin guba, dare ɗaya,
da asuba ruwa fari fat da cikin kifi.
Da kuɗin aka ɗinka min rigar makaranta.

Godiya ta ce, bakwai suka rage mana,
in damina ta zauna za mu saki 'ya'yansu.
Baffa ya ce, kar ku kai su yashi.
Ciyawa yake so, inda ruwa ya kwanta,
sheƙa yake yi kamar tsuntsu.
Ta buɗe sabon shafi: Baba, a ina?

Har aka kira la'asar yana lissafa mata
kwarin da ya cike, da wanda bai cike ba tukuna.

Da za mu fita na waiga.
Shatin tafinsa na nan a gilashi,
yauni na wucewa ta cikin yatsun.