Alamar Ruwa a Bango

Har yanzu tana nan a bangon ɗakinmu na Owode,
zane mai launin laka, daidai ƙirjina.
Afiniki ta dirje ta da sabulu sau uku, ta haƙura.
Nan ruwan ya tsaya.
Tsawon Habila bai kai nan ba.

Ran Lahadi, bayan sujadar Hausa,
Fasto Irmiya ya zo, wando a naɗe har gwiwa,
ya ƙi kujera, ya zauna kan buhun albasata da ta ruɓe.
Ya ce, "Barnaba, ba daga hannun Uba wannan ya fito ba.
Tun kafin a raɗa wa teku suna
an ba mala'iku amanar iska da kogi da girgije,
yadda maigida ke miƙa wa mai gadi makulli.
Wasu suka ɗaga kai, suka faɗo,
makullin kuwa na aljihunsu.
Shi ya sa kogi ke mance gaɓarsa,
sauro ke dakon zazzaɓi,
ƙasa ke nishi kamar mai naƙuda."

Shekara tara na yi ina gadi a Ikeja kafin in kama albasa.
Na ce, "Fasto, mai gadin da ya ci amana,
kafin rana ta faɗi an sake kwaɗo.
Wane maigida ne zai bar masa ƙofa
har yaran gida su kwanta?"

Ya yi shiru. A titi kwandastan danfo na kiran Ketu.
Ya ce, "An yanke hukunci a kan gicciye,
korar ce ba ta zo ba tukuna."
Na ce, "Tukunan nan ta ci mini ɗan shekara huɗu."

Afiniki daga gindin risho ta ce,
"Ku bar mala'iku su sarara.
Ba su suka cika kwata da leda ba,
ba su suka ba mu haya a kan hanyar ruwa ba."

Ba wanda ya tanka mata.
Fasto ya tashi, ya ɗora tafinsa kan alamar, ya daɗe.
Addu'ar da ya fara ba ta kai amin ba.

Da dare ina jin kogin yana lasar ƙafafun gada.
Ban san wa ke riƙe da makullinsa yau ba.
Takalmin Habila na hagu yana bisa taga.
Na daman yana wurin wanda nake bi bashin amsa.