Haruffa Takwas

Shekara arba'in da ɗaya ina sassaƙa sunaye a dutse
a wannan gari na bakin teku, arewacin Ingila,
inda ruwan sama ba ya sallama,
gishiri kuma yana cin rubutu kamar gara.
Kuɗin aikina a kan harafi ne.
Winifred: takwas ke nan, ko wace ce.

Ta farko gimbiya ce.
Tana kwance a cocin kan tudu tun kafin kakan kakana,
hannuwa haɗe a ƙirji, ɗan karen marmara a ƙafafunta.
An ce daga fada aka turo ta shan iskar teku,
tari ya riga iskar aiki.
Harafin ƙarshe ya goge, aka kira ni in mayar.
Kwana biyu na yi durƙushe gabanta,
ba ladabi ba ne, rubutun ne a ƙasa.

Ta biyu 'yar majalisa.
Ita kam na gan ta da idona, tsaye kan akwatin kifi,
tana magana har murya ta dushe
a kan matan da teku ta cinye wa maza.
Aka jefe ta da ƙwai. Ta share da hannun riga, ta ɗora daga inda ta tsaya.
Da ta rasu, masu jifan nan
su suka sa hannu a gina mata gunki a dandali.
Suka ce in zurfafa haruffa, in zuba ruwan zinariya.
Na zurfafa. Kuɗinsu ne.

Ta uku marubuciya, gida mai shuɗiyar ƙofa bayan tashar jirgi.
Shafi goma sha biyu na karanta na ajiye,
don na ga mahaucinmu a ciki:
ta canza masa suna, ta bar masa hancinsa.
Baƙi na zuwa da laima, su ɗauki hoto da allon da na yi mata,
ba mai tambayar hannun wa.

Yau ta huɗu ce a kan teburina.

Uwarta ke sharar cocin nan, a jikin kabari ta tsinto sunan.
Shekara talatin tana fasa cikin kifi a rumfar Thackray,
yatsu duk tsaga, ɗaure da tsumma,
sanyin Janairu yana shiga ta nan.
Ta ba ta majalisa ƙuri'a sau biyar.
Littafin kuwa ta ce ba ta saye,
tsegumin da ke ciki ai ta riga marubuciyar ji.
Takan ce mini, tana tsoma ƙafa a ruwan ɗumi,
"Mu huɗu ne, Cyril, amma a ba sauran wuƙa mu gani."

Jiya 'yarmu Maureen ta shigo da shayi,
ta ga hannuna na rawa a kan guduma.
"Baba, ka sa Winnie mana, shida ne, ka huta.
Haka kowa ke kiranta."
Na ce gimbiya takwas ta samu.

Dutsen baƙi ne, daga tsaunin da muka je hutu sau ɗaya
ruwa ya hana mu fita daga mota.
Ba zinariya. Ba ta son ƙyalƙyali, sai a ɓawon kifi.

Bakwai na gama tun shekaranjiya.
Na share ƙura, na wasa ƙarfe, na sake wasawa,
na gyara fitilar da ba abin da ya same ta.
Tsuntsayen teku na ta ihu a kan rufi.
Shayin ya huce.

Saura ɗaya.
Gobe ma rana ce.