Baduku a Gaban Tele

Bayan lisha nake rufe rumfa,
in wanke jan karan dafi daga farce.
Ba ya fita duka, shekara talatin ke nan.
In bi lungun Birni, in ratsa duwatsu
da har yanzu suke amayar da zafin rana,
in faɗa zauren Kiyari.

Tele ɗaya, benci biyu, shayi bisa gawayi.
Kiyari ya tsufa a gidan waya,
shi ke karanta mana rubutun ƙasan hoto,
Faransanci ƙanana, jerin tururuwa.
To ido ya gaji:
kafin ya kai ƙarshen jimla an sare wa waziri kai,
sai mu ji laifin mutum bayan an binne shi.

Ni ban damu ba.
Ƙasar ma ban san ta ba
sai da jikata Bintu ta ɗora yatsa a taswirar lakwal,
can gabas, inda sanyi ke zuba kamar kaɗa.
Harshensu a kunnena tsakuwa ce cikin ƙwarya,
amma na san muryar mai bin bashi,
na san ta wanda ake bi.

Tankari yana kallon yaƙi.
Ɗan Tanin yana jiran a ɗaura aure.
Ni fata nake kallo.
Ran nan na yi ihu: tsaya, maido baya!
Ɗamarar jarumin da suka ce ya shekara ɗari biyar a ƙasa
roba ce, wallahi roba,
irin ta tebur a kasuwar Dole.
Suka ce zauna, Gwadabe, kana ɓata mana sarauta.

Sai daren Talata.
Sarki na magana a gaba, kowa ya miƙa wuya,
can a bayansa, gefen barga, inda hoto ya dushe,
wani tsoho yana gyaran kube.
Ba a ba shi suna ba, ba a ba shi kalma ba.
Ya lashi zare, ya murza a cinya,
ya soka basilla, ya ja da haƙori,
ya karkata kai hagu kamar mai sauraron fata.
Haka babana yake yi.
Haka, har karkatar.
Wannan ba ɗan wasa ba ne, na ce a raina,
ko dai ɗan wasa ne da ya tashi a rumfa.

Numfashi uku ya yi a hoton
wuta ta ɗauke.

Duhu, sauro, ƙamshin na'a-na'a.
Tankari ya rantse ƙanen sarki ne maci amana,
Kiyari ya ce a jira gobe, kar a yi wa bawan Allah ƙazafi.
Aka yi ta musu har mai garuwa na ƙarshe ya wuce.
Ba wanda ya ga tsohon sai ni.

Da safe na yanka fatar akuya mafi laushi,
na yi kube mai lanƙwasa irin tasu.
Ba wanda ya yi oda, ba takobin da zai shiga.
Gwamma ta ce, na wane ne?
Na ce na wani abokin aiki,
yana da nisa.
Na rataye shi a ƙusa, bisa ƙofa.
Iska na juya shi.